Motar Haɗa-da-Kanka: Tambayoyi da Amsoshi Kan Daɗinta da Wahalarta

Wace irin mota ce wannan?

Mota ce da kamfani ke sayar maka da ita a warwatse, kai kuma ka haɗa ta da hannunka a garejin gidanka. Turawa na kiran ta kit car. Abin da kamfani ke kawowa ya bambanta. Wani shasi da bodi kawai zai ba ka, sauran kayan ka nemo a jikin tsohuwar mota. Wani kuma komai zai zuba maka a akwatuna, daga inji har noti na ƙarshe.

Kada a haɗa ta da irin aikin da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara a 1975, inda ake kawo sassan mota daga Faransa, ma'aikata su harhaɗa a kan layi. Can akwai injiniyoyi, akwai masu bin bayan kowane ɗauri suna dubawa. A nan kai ne mai haɗawa, kai ne mai dubawa. Yawancin daɗin motar da yawancin ciwon kanta daga wannan suka samo asali.

Me ya sa aka fi jin labarinta a Ingila?

Haraji ne ya raine ta. A 1957 Colin Chapman na kamfanin Lotus ya fito da wata ƙaramar mota mai kujera biyu, marar ƙofa, mai suna Seven. A wancan zamani Birtaniya na ɗora harajin saye mai nauyi a kan sabuwar mota, amma ba ta ɗora shi a kan wadda aka saya a warwatse. Mutane suka yi ta saye suna haɗawa. Da aka kawo harajin VAT a 1973 wannan rangwame ya ƙare, Lotus ta sayar wa Caterham haƙƙin ƙera motar a wannan shekara, kuma har yau Caterham na ƙera ta. Westfield da wasu ƙananan kamfanoni da yawa suka biyo baya da masu kama da ita.

Amurka na da nata salon. A 1964 Bruce Meyers ya ƙera Meyers Manx a Kalifoniya, motar yawo a rairayi, wadda daga baya aka riƙa ɗora bodinta na faiba a kan gindin Volkswagen Beetle da aka rage wa tsawo. Kamfanin Factory Five kuma ya yi suna da kwaikwayon motar Cobra, da kayan Ford Mustang a ciki. Amma yawancin bayanin da ke wannan shafi a kan irin Seven yake, da dokokin Birtaniya, domin can ne abin ya fi zama da gindinsa.

Ina daɗin yake, har mutum zai ɗauki wannan wahala?

A rashin nauyi yake. Irin Seven kan tsaya tsakanin kilo 500 da 600. Motar gida ta yau da kullum takan ninka wannan har da ɗoriya. Ɗauki inji mai ƙarfin doki 135: a mota mai kilo 1,300 inji ne na talakawa, a mota mai kilo 550 kuwa kowane tan ɗaya na samun kusan doki 245. Kana taɓa totur ta amsa. Birki ma haka, domin abin da zai tsayar ba shi da yawa. Taya da takalmin birki suna daɗewa, fetur ba ya tafiya kamar yadda ake zato.

Sannan babu abin da ya shiga tsakaninka da hanya. Sitiyari ba shi da mataimaki na mai ko na lantarki, a yawancinsu birki ma haka. Kana zaune dab da aksul ɗin baya, kana kallon tayoyin gaba suna hawa da sauka. Idan bayan motar ya fara zamewa a kwana, jikinka zai sani kafin idonka. A gudun kilomita 80 za ka ji abin da mai babbar mota ba ya ji sai ya karya doka, kuma a ganinmu wannan shi ne babban abin yabo a wannan mota.

Na biyu shi ne sani. Wanda ya haɗa mota da hannunsa ya san inda kowace waya ta bi. Idan ta tsaya a hanya ba ya tsayawa yana kallon bonet.

Wace mota ake yankawa a ciro kaya?

Shekaru da yawa Ford Sierra ce, wadda aka ƙera daga 1982 zuwa 1993. Tana tura tayoyin baya, kuma a jikinta ake samun giyabos mai giya biyar da ake kira Type 9, da difarenshal, da sandar sitiyari, da kayan birki. Yanzu Sierra ta yi wuya, kayanta sun yi tsada. Mazda MX-5, wadda ta fito a 1989, ita ta gaje ta: tana da yawa, injinta ba ya ba da wahala, tsatsa ce ke cinye bodinta tun injin na da sauran rai. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da mai haɗawa ke nema.

Shawararmu: sayi motar yanka guda ɗaya mai tafiya da ƙafarta, mai takardu. Tuƙa ta na ɗan lokaci ka ji injin da giya kafin ka sa sifana. Idan ka zo kwancewa, ɗauki hoto kafin ka cire komai, sa wa kowane kan waya takarda mai suna, zuba notin kowane sashe a ledarsa. Ajiye takardar mallakar motar da rasit ɗin sayenta, hukuma za ta tambaye su a ƙarshe. Tsintar kaya ɗaiɗai a wurare daban-daban kamar ya fi araha, amma yakan ƙare da sassan da ba su dace da juna ba, da injin da ba ka da shaidar shekarunsa.

Injin mota ko na babur?

Injin mota ya fi sauƙin zama da shi. Tsofaffin na Ford, Crossflow da Pinto, kowane bakanike ya san su, sai dai Pinto na da nauyi da tsayi, yakan taɓo bonet. Zetec da Duratec sun fi su ƙarfi da tsabtar hayaƙi. Rover K-series, wanda Caterham ta daɗe tana amfani da shi, ba shi da nauyi ko kaɗan, amma ruwan da yake ɗauka kaɗan ne, kuma an san shi da ƙone gasket ɗin kan inji idan ya yi zafi sau ɗaya tak.

Injin babur, irin na Honda Fireblade, Yamaha R1 ko Suzuki Hayabusa, yana rage nauyi sosai, yana juyawa fiye da 10,000 a minti, giyarsa kuma ja ne da turawa. A filin tsere abin sha'awa ne. A cikin gari kuwa wahala ce. Ba shi da giyar baya, dole a ƙara wani akwati ko ƙaramin moto na lantarki, kuma gwajin hukuma na neman mota ta iya komawa baya. Kulocinsa an yi shi ne don babur mai kilo 200, sai a sa masa sifirin masu ƙarfi. A doguwar hanya kuma ƙararsa na gajiyarwa. Wanda zai yi yawancin tuƙinsa a titi ya ɗauki injin mota.

Wane wuri da kayan aiki ake buƙata, kuma wata nawa aikin ke ci?

Gareji mai rufi, mai daɓen siminti a miƙe, da sararin da za ka zagaya motar ba ka goga bango ba. Kayan aiki ba su da ban tsoro: saitin sifana da soket, jak, ƙafafun ƙarfe huɗu na ɗora mota, injin huda, bindigar ribit, mita ta gwada wuta, abin matse kan waya, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Na'urar ɗaga inji haya ake yi, kwana ɗaya ko biyu. Kada ka taɓa shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai.

Lokaci ya danganta da irin kit. Cikakken kit na sababbin kaya, wanda an riga an liƙa masa alminiyam an shimfiɗa wayarin, aikin kamar awa 100 ne. Wanda za ka yanka mota, ka wanke kaya, ka yi fenti, ka ƙera ƙananan maɗaurai da kanka, ɗaruruwan awoyi ne, kuma ga mai aikin yi da iyali wannan na nufin shekara ɗaya zuwa uku. Inda mutane ke karaya sananne ne. Cikin makonni kaɗan mota ta tsaya a kan tayoyinta, inji ya zauna, sai a ga kamar an kusa. Nan ne aikin ke farawa: wayarin, daidaita bonet, hanyar salansa, maɗaurin lagireto, duk abubuwan da za ka yini a kansu ba wanda zai ga an yi komai. Garejin Ingila cike suke da motocin da suka tsaya daidai wannan wuri.

Ta ina ake farawa?

Daga abin da ba za ka iya kai hannu gare shi ba daga baya. Tsakiyar motar akwai ƙuntataccen rami tsakanin kujeru biyu, ta nan farfela ke bi. Bututun birki, bututun fetur da wayarin na baya duk ta nan suke wucewa, don haka su ne farko, kafin difarenshal da farfela su toshe hanya. Ɗaure su a jikin shasi da maɗaurai masu roba, tazarar da ba ta wuce santimita 30 ba, kuma kada ka haɗa waya da bututun fetur a maɗauri ɗaya. Bututun birki na haɗin tagulla da nikel, mai kaurin 3/16 na inci, ya fi na ƙarfe sauƙin lanƙwasawa kuma ba ya tsatsa.

Daga nan sai difarenshal, ƙafafun gaba da baya, sitiyari, birki. A haɗa inji da giyabos a ƙasa a saka su tare, wutsiyar giyabos a gaba. Lagireto, salansa, tanki. Bodi da kujeru a ƙarshe, domin duk ranar da ka ɗora bodi da wuri sai ka sake cire shi.

Ranar tayar da inji: cire filogi, juya injin da kik har ma'aunin bakin mai ya nuna ƙarfi, sannan ka mayar da su. Kunna famfon fetur ka bi kowane haɗi da ido da hanci kafin wuta ta shiga. Tukunyar kashe gobara ta kasance a hannun wani, ƙofar gareji a buɗe.

Shin ɗaurin noti har wani ilimi ne?

Ƙwarai kuwa. Littafin kamfani shi ne gaba, amma idan bai faɗa ba, kusa mai lamba 8.8 a kanta tana ɗaukar ɗaurin kusan Nm 25 a ma'aunin sifana idan girmanta M8 ne, kusan 50 idan M10 ce, kusan 85 idan M12 ce. Kada ka sa kusar da ba ta kai 8.8 ba a ƙafa, birki ko sitiyari. Noti mai robar kulle a ciki sau ɗaya ake amfani da shi, kuma zaren kusa ya leƙo bayansa aƙalla biyu. Dab da salansa robar na narkewa, sai a sa na ƙarfe zalla. Duk notin da ka gama ɗaurewa, ɗiga masa fenti ya haɗa da jikin ƙarfen: za ka san an ɗaure shi, kuma idan ya motsa daga baya layin zai rabu.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaure kusoshin bushin roba mota tana sama tayoyi na lilo. Idan ta sauka robar za ta zauna a murɗe, ta yage da wuri, motar kuma ta yi tauri. A ɗaure su motar na tsaye a kan tayoyinta da nauyinta.

Me ya sa matsalar wuta ba ta ƙarewa a irin waɗannan motoci?

A motar kamfani bodin ƙarfe ne, kuma shi ke mayar da wuta zuwa negatib ɗin batir. A nan fitilun baya a jikin faiba suke, faiba kuwa ba ta ɗaukar wuta. Kowace fitila sai an ja mata wayar negatib tata zuwa shasi. Shasin ma an lulluɓe shi da fenti mai kauri, idan ba ka kankare wurin har ƙarfe ya fito fes ba, haɗin na ƙarya ne. Alamarsa: ka kunna sigina, fitilar birki ta riƙa ƙyafta ido tare da ita, ko ma'aunin zafi ya tashi duk lokacin da ka kunna fitilun gaba. Kankare, ɗaure da washa mai haƙora, shafa giris a kai don hana tsatsa. Sa waya mai kauri daga inji zuwa shasi. Idan babu ita, wutar kik za ta nemi hanya ta wayar totur ko ta kuloci, ta ƙone ta.

Sauran kuma jijjiga ce. Duk inda waya ta ratsa alminiyam sai an sa zoben roba, in ba haka ba bakin ƙarfen zai yanke ta sannu a hankali. Tsohon wayarin da aka ciro daga motar yanka na ɗauke da wayoyin na'urar sanyi, gilashin ƙofa da rediyo waɗanda ba ka buƙata. Cire su ɗaya bayan ɗaya, kana gwada tashin inji bayan kowace, domin na'urar hana sata takan ɓuya a cikinsu. Zana taswirar abin da ka yi ka ajiye. Babu wani littafi a duniya da ke ɗauke da wayarin motarka.

Motata na zafi a cunkoso, a buɗaɗɗiyar hanya kuma lafiya lau. Mene ne?

Fanka ko iska a cikin ruwa. Duba ko fanka na tashi, kuma tana tura iska ta ɓangaren da ya dace, domin idan aka juya wayoyinta baya take juyawa. A yawancin irin Seven bonet ya yi ƙasa, tankin ƙarin ruwa bai fi kan inji tsayi sosai ba, don haka iska na maƙalewa. Ɗaga gaban motar, buɗe hita idan akwai, cika ruwa a hankali kana matsa tiyo har kumfa ta daina fita.

Idan kuwa a gudu take zafi, iska ce ke zagaye lagireto maimakon ta ratsa shi. Toshe tazarar da ke tsakanin lagireto da hancin motar da alminiyam ko soso, kuma a bar wa iska mai zafi hanyar fita ta ramukan bonet.

Gindin inji na bugun ƙasa. A ɗaga motar?

Kaskon bakin mai shi ne mafi kusa da ƙasa, sau da yawa santimita 8 zuwa 10 kawai. Ɗaga motar da yawa na ɓata zamanta a kwana. An fi rage zurfin kaskon, a faɗaɗa shi ta gefe don kada yawan mai ya ragu, a kuma rage tsawon bututun tsotso daidai da haka. Sai a sake alamar sandar gwajin mai.

Akwai haɗarin da ya fi bugun ƙasa. Motar na shan kwana da ƙarfin da injin bai saba da shi ba a tsohuwar motarsa. Mai na tattaruwa gefe guda, bututu ya tsotsi iska, cikin daƙiƙoƙi metal ɗin kiranshaf ya cinye. Maganinsa kasko mai shinge a ciki. Mai zuwa filin tsere da tayoyi masu kama ƙasa sosai ya yi tunanin tsarin da ke ajiye mai a tanki daban.

Mene ne gwajin IVA, kuma me ke kayar da mutane?

A Birtaniya ba za a ba sabuwar motar da ka haɗa lamba ba sai hukumar DVSA ta duba ta. Wannan dubawa ita ce gwajin IVA, wanda ya maye gurbin tsohon gwajin SVA a 2009. Kuɗinsa fam 450 ne ga motar da mutum ya haɗa da kansa, maimaitawa fam 90, kuma yakan ci rabin yini. Faɗuwa a karon farko ba abin kunya ba ne, za a ba ka jerin gyare-gyare ka dawo.

Abin da ya fi kayar da mutane kaifi ne. Jami'i na bin wajen motar da ƙwallo mai faɗin milimita 100, cikinta kuma da mai 165. Duk abin da ƙwallon ya taɓa, bakinsa ya zama a zagaye da aƙalla milimita 2.5. Kan noti a ƙafar gaba, bakin salansa, maɓallan gaban direba, duk sai an sa musu hula ko an goge su. Ƙarar salansa kada ta wuce desibel 99, ana aunawa rabin mita daga bakinta. Ma'aunin gudu kada ya nuna ƙasa da ainihin gudun. Sitiyari ya nuna alamar komawa tsakiya da kansa bayan kwana, kuma sabuwar mota takan gaza nan saboda komai na da tauri. Ƙara wa tayoyin gaba iska da gyara alaimen na taimakawa. Birkin baya kada ya riga na gaba kullewa. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 a buga ta a jikin ƙarfen.

Gwajin hayaƙi kuma da shekarun injin ake yin sa. Injin da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 1990 sai da na'urar tace hayaƙi. Idan ba ka da takardar da ke nuna shekarar tsohon injinka, da ma'aunin sababbi za a gwada shi, inji mai kafireto kuwa da wuya ya haye. Nemi littafin gwajin tun kafin ka huda rami na farko, kyauta yake a intanet.

Wace lamba za a ba ta?

Hukumar rajistar motoci ta DVLA ce ke yanke wannan. Idan duk kayan sababbi ne, da rasit, za a ba ka lambar sabuwar mota. An yarda babban sashe ɗaya ya zama wanda aka sabunta. Sabon shasi da manyan sassa biyu daga motar yanka guda na samun lamba daidai da shekarun waccan motar. Idan ba a iya tantance asalin kayan ba, lamba mai farawa da Q za a bayar, wadda ba a canza ta, kuma wasu masu saye na rage kuɗi saboda ita.

Mota na tsalle-tsalle, ba ta zama a hanya. Shokozoba ce?

Fara da iskar taya, kyauta ne. Mai faci zai cika maka 32 kamar kowace mota. Irin Seven kusan 18 take so. Da 32 tayar ta zama dutse, tsakiyarta kawai ke taɓa ƙasa. Tayoyin da aka yi wa mota mai nauyi ma ba sa ɗumama a ƙarƙashinta, musamman a jiƙaƙƙen titi, kuma taya kan tsufa ta bushe tun zanenta bai cinye ba.

Bayan haka sai alaimen na ƙafa huɗu, da auna nauyin da ke kan kowace taya da sikeli huɗu, direba na zaune a ciki. A mota mai kilo 550, mutum mai kilo 85 a gefe guda ba ƙaramin abu ba ne. Idan nauyin bai daidaita ba, taya ɗaya ta gaba za ta riƙa kullewa a birki. Idan kuma motar na karkata da kanta duk lokacin da ta hau tudu ko rami, tsayin akwatin sitiyari ne bai dace da hannayen ƙafa ba, sai a ɗaga shi ko a sauke da siraran faranti. Kuɗin da aka kashe a wannan daidaitawa ya fi na ƙarin doki 20 amfani.

Ina tsatsa ke kamawa, tunda bodin ba ƙarfe ba ne?

Shasi. Bututu ne masu kusurwa huɗu, galibi milimita 25, kaurin bangonsu kusan 1.6, ba su da abin da za su bayar. Inda aka liƙa alminiyam a kan ƙarfe, ruwa da gishirin da ake zubawa a titunan Ingila lokacin hunturu na shiga tsakani, ƙarafan biyu su riƙa cin juna. Farin gari a gefen ribit ko kumburi a ƙasan bangon gefe shi ne alama. A sa manne mai hana ruwa tsakaninsu tun wajen haɗawa, a fesa kakin hana tsatsa cikin lunguna. Fentin shasi idan ya tsage, ruwa na tafiya a ƙarƙashinsa ba a gani.

Faiba kuma tsagewa take yi kamar tauraro, inda dutse ya buga ta daga ciki ko inda aka matse kusa da yawa. Shafa roba mai kauri a cikin murfin tayoyi, sa faffaɗar washa ta roba a kowace kusa. Fenti a kan tsaga ba ya riƙewa, sai an goge har tushe an sake shimfiɗa faiba.

Wace kulawa take so duk shekara?

Bakin mai da matatarsa sau ɗaya a shekara ko da ba ta yi tafiya ba. Man birki DOT 4 duk shekara biyu, domin yana shan laima. Bel ɗin taimin a canza shi bisa shekaru, kada a jira kilomita. Bi kusoshin farfela, ƙafafu da maɗaurin inji da sifana. Tun Satumban 2021 fetur ɗin yau da kullum a Birtaniya E10 ne, wato wanda aka gauraya da sinadarin etanol, kuma etanol na cinye tsohon tiyo. Sa tiyo mai lamba R9, ka lanƙwasa shi duk shekara ka ga ko ya tsattsage. Mai tagwayen kafireto na Weber zai riƙa daidaita su lokaci zuwa lokaci. Batir ƙarami ne, a bar shi kan ƙaramar caja idan mota za ta kwana biyu a ajiye.

Za a iya hawanta kullum?

Za a iya, amma kaɗan ne ke jurewa. Rumfar tana yoyo, shiga da fita idan an ɗaura ta sai da dabara. Zafin inji da giyabos na dafa ƙafafu. Wurin feda ƙunci ne, da faffaɗan takalmi za ka taka birki da totur tare. Wurin kaya jaka ɗaya ce. Direban babbar mota ba ya ganinka, don haka kunna fitila da rana. Babu jakar iska, babu na'urar hana birki kullewa a yawancinsu. Ƙarfen kariya na bayan kai ya fi kanka tsayi, bel ɗin kafaɗu huɗu a ɗaure tamau, toshe kunne a doguwar tafiya.

Saye ko haɗawa, wanne ya fi araha?

Saye, kusan kullum. Sabon kit na Caterham ya haura fam 25,000, na ƙananan kamfanoni ya yi ƙasa da haka sosai, amma a kowane hali mai haɗawa da wuya ya mayar da abin da ya kashe, balle ladan aikinsa. Kasafin da ka yi, ƙara masa sulusi: tiyo, maɗaurai, fenti, gwaji, rajista, inshora. Inshorar a nema wurin kamfanonin da suka ƙware a irin waɗannan motoci, a yi yarjejeniyar darajar motar a rubuce.

Idan ta hannu za ka saya, fara da takardar rajistar motar, wato V5C. Idan motar Seven ce a ido amma takarda na cewa Ford Sierra, ba a yi mata rajista daidai ba, juya ka tafi. Nemi hotunan haɗawa da rasitai. Leƙa bayan allon gaban direba: wayarin da aka ɗaure tsaf na nuna yadda aka yi sauran aikin da ba ka gani. Wadda aka bari rabi da rabi kuwa, ka ɗauka za ka kwance ta gaba ɗaya ka sake, kuma ka tabbatar kamfanin na raye ko akwai inda ake samun kayanta.

Za a iya kawo ta Najeriya ko Nijar?

Abu na farko sitiyari. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, Nijar ma dama take bi, kuma dokar hanya a Najeriya ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama ba. Yawancin na Ingila a dama yake, don haka sai a yi odar shasi mai sitiyari a hagu tun daga kamfani. Juya shi daga baya na nufin yanka da walda a wurin feda, abin da ba ma ba da shawara.

Na biyu ƙasa. Santimita 10 ba za ta haye tudun rage gudu na cikin gari ba, balle hanyar da damina ta cinye. Lagireton da aka auna wa sanyin Ingila zai buƙaci babba, da fanka mai ƙarfi da na'urar sanyaya bakin mai, a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Buɗaɗɗen soson tace iska da ake sa wa waɗannan injuna ba zai tare ƙurar hunturu ba, sai akwati mai matatar takarda. Mai son irin wannan aiki a yankinmu ya fi dacewa ya duba salon motar rairayi mai dogayen ƙafafu da manyan tayoyi, ya zaɓi injin da kayansa ke kasuwar garinsu, kuma ya je ofishin rajistar motoci da na kwastan ya ji sharuɗɗansu a rubuce kafin ya biya kuɗin kit.